ZARE: Shirin da aka rufe tun 1967, ni kuma nake kewarsa

1/
Akwai wani shirin talbijin na Amurka da aka rufe tun 1967, kafin ma a haifi babana, amma wallahi kewarsa nake kamar da ni aka yi shi. Baƙi da fari ne. Ba rawa, ba kyautar mota, ba zage-zage. Mutum huɗu ne kawai a zaune suna ƙoƙarin gano sana'ar wani bawan Allah. Sunansa What's My Line? Zaren dogo ne, ku gyara zama.

2/
Ma'anar sunan da Hausa ita ce: mece ce sana'ata? Tashar CBS ta fara nuna shi ranar 2 ga Fabrairu 1950, ta rufe shi ranar 3 ga Satumba 1967. Shekara 17 da 'yan watanni, fitowa 876. Mafi yawan shekarun nan daren Lahadi ake yinsa, ƙarfe goma da rabi, daga birnin Niyok, kuma yawanci kai tsaye.

3/
Don ku gane tsufansa: lokacin da aka fara shi ko gidan talbijin ɗaya babu a Najeriya. Sai 1959 aka buɗe WNTV a Ibadan, na Kaduna kuma sai 1962. Wato shirin ya kusa shekara goma ana yinsa kafin wani a ƙasar nan ya kunna akwati ya ga hoto yana motsi daga tashar gida.

4/
Ni a yajin aikin 2022 na ci karo da shi, wancan na wata takwas ɗin. Da rana ina taya Baba aiki, da dare ina cin datar dare. YouTube ne ya jefo min shi haka kawai. Abin da ya fara riƙe ni ma ba shirin ba ne, arha ce: hoton dama can dishi-dishi ne, ko ka sauke ingancinsa ƙasa-ƙasa ba abin da ka rasa, data kuma ta daɗe. Talaka da dabara.

5/
Ga yadda wasan yake. Baƙo zai shigo, ya ɗauki alli ya rubuta sunansa a allo, ya zauna kusa da mai gabatarwa. Sai a rubuto sana'arsa a fuskar talbijin, masu kallo a gida da na cikin zaure su gani. Mutum huɗun nan da ke kan teburi ne kaɗai ba su gani ba.

6/
Ɗan hasken da ake ba su kaɗan ne: albashi yake ɗauka ko zaman kansa yake. Daga baya aka ƙara da cewa kaya yake harka da su ko aiki yake yi wa mutane. Shi ke nan. Sai tambaya, kuma dole ta zama wadda amsarta eh ko a'a ce.

7/
In ka samu eh, ka ci gaba da tambaya. In ka samu a'a, an wuce ka, mai gabatarwa ya kifa kati ɗaya, baƙo ya ci dala 5. A'a goma ta cika, baƙo ya kayar da su, ya tafi da dala 50. Iyakar kyautar ke nan. Ku riƙe wannan adadin, zan dawo kansa.

8/
Daɗin wasan shi ne kai ka san amsa, su ba su sani ba. Misali an taɓa kawo wanda aikinsa a cusa shi a bakin igwa a harbo shi sama a gidan wasa. Ka yi tunanin wata ta dube shi da fuskar kirki ta tambaye shi ko yana yawan tafiye-tafiye a aikinsa. Zaure zai fashe da dariya, ita kuma tana waige-waige, me na faɗa?

9/
Duk wanda ya yi kacici-kacici a tsakar gida ya san wannan daɗin. Ka kasa, a ce ka ba da gari. A nan kati ake kifawa maimakon gari. Bambancin kawai, nan abin da aka ɓoye mutum ne mai rai, yana zaune yana kallonka, kuma abin da kake nema shi ne hanyar cin abincinsa.

10/
Yanzu mutanen. Mai gabatarwa John Charles Daly, ɗan jarida ne, a Johannesburg ta Afirka ta Kudu aka haife shi a 1914. Abin mamaki, shekaru yana shugabantar sashen labarai na tashar ABC yana kuma gabatar da wannan shirin a CBS. Bayan an rufe shirin shi aka naɗa shugaban Muryar Amurka, 1967 zuwa 1968. Eh, wadda su Baba suka riƙa kamawa a rediyo, ko da yake sashen Hausarta sai 1979 aka buɗe.

11/
Daly gwanin kwana-kwana ne. A yi tambayar da eh za ta iya ɓatar da mutane, a'a ma haka, sai ya jingina da baƙo su yi 'yar shawara a kunne, sannan ya ɗago ya zubo bayani mai tsawon layin mai, a gama ba wanda ya ƙaru da komai. Kowa a jami'a yana da lakcara ɗaya irinsa.

12/
Dorothy Kilgallen, 'yar jarida. Ita ba wasa ta zo ba. Tambayarta kamar ta lauya: ta raba duniya biyu, ta jefar da rabi, ta sake raba abin da ya rage. Cikin gida ko waje? Da hannu ko da inji? Maza kaɗai ko har mata? Kafin ka ankara ta rutsa mutum a lungu. In ana kallo a ɗaki ni koyaushe ɓangarenta nake.

13/
Arlene Francis, 'yar wasan kwaikwayo, mai sarƙar lu'ulu'u mai siffar zuciya da kusan kullum tana wuyanta. Ita da fara'a take kama mutum. Za ta sa baƙo dariya ya saki jiki, daga yadda ya yi dariyar ta gane inda aka dosa. Ko ta faɗi, faɗuwar tata ma abin kallo ce.

14/
Bennett Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin ɗab'i na Random House. Sarkin wasa da kalmomi, irin barkwancin iyaye maza da ake yi wa tsaki ana dariya. Shi da Daly kullum cikin tsokanar juna suke, sai ka ce abokan wasa, Bakano da Bazazzagi.

15/
Kujera ta huɗu ta sha canji. Steve Allen ya zauna a kai, shi ne a 1953 ya yi tambayar da ta zama tambarin shirin: abin ya fi akwatin ajiye burodi girma? Sauran suka ɗauka suna ta yi. Masu shirin da neman magana sai suka riƙa nemo masu ƙera akwatin burodin suna kawowa a matsayin baƙi. Ba sau ɗaya ba.

16/
Sai zagayen da ya fi tashe: ɓoyayyen baƙo. A nan shahararre ake kawowa, don haka mutum huɗun sai sun ɗaure idanunsu. Baƙo ya shigo, zaure ya ɗauki tafi, su kuma daga ƙarfin tafin suke fara lissafi. Shi kuma dole ya sauya murya, wani ya maƙe ta, wani ya yi ta tsohuwa, wani ya koma gurnani.

17/
Walt Disney ya zo. Eleanor Roosevelt, matar tsohon shugaban ƙasa, ta zo a 1953. Muhammad Ali ya zo a 1965, shekara guda bayan ya kawo ziyara Gana da Najeriya. Louis Armstrong ma ya zo, kuma kun san muryar nan tasa mai kaushi, ɓoye ta kamar ɓoye raƙumi ne a akurki.

18/
Amma in ɗaya kawai za ku kalla, ku nemi na Salvador Dalí, mai zanen nan ɗan Sifaniya, 1957. Kusan duk abin da aka tambaye shi eh yake cewa. Marubuci ne? Eh. Ɗan wasa ne a gaban jama'a? Eh. Harkar wasannin motsa jiki fa? Eh. Daly yana ta tare shi yana gyara, shi ko a jikinsa. Sai da aka zo kan gashin baki sannan asiri ya tonu.

19/
Waɗanda suka fi tsaya min a rai kuwa su ne waɗanda aka kawo ido buɗe, don ba a san su ba tukuna. A 1963 wani dattijo mai farin kaya da ɗan farin gemu ya shigo ya rubuta sunansa ƙiri-ƙiri: Kanar Sanders. Fuskar da ke jikin kowane kwalin KFC a duniya yau. Suka zuba masa ido suna tambaya, ba wanda ya gane shi.

20/
Bayan CBS ta rufe nata, an ci gaba da wani sabon zubi daga 1968 zuwa 1975. A 1973 aka kawo gwamnan jihar Jojiya, ido buɗe, suka sha fama kafin su gano ko gwamna ne. Jimmy Carter ke nan. Shekara uku bayan nan ya ci zaɓen shugaban ƙasa, a 1978 ya sauka a Legas wajen Janar Obasanjo. Allah mai yadda Ya so.

21/
Mu koma kan dala 50. A ƙarshen shekarun 1950 asirin wasu manyan shirye-shiryen kacici-kacici na Amurka ya tonu, irin su Twenty-One: ashe ana ba wasu amsa a ɓoye, ana tsara wa zai ci wa zai faɗi, saboda kuɗi ne masu yawa a tsakani. Har majalisa ta yi zama, a 1960 aka yi dokar da ta mai da hakan laifi.

22/
Shirye-shirye da dama suka mutu a lokacin. What's My Line? ya wuce abinsa. Yo wa zai sayar da mutuncinsa a kan dala 50? Sau da yawa ma in lokaci ya ƙure, ko an gano baƙo da wuri, Daly sai ya kifa katunan duka ya ba shi kuɗin. Ba don kuɗin ake zuwa ba, kuma kowa ya san haka.

23/
To me nake kewa a abin da ban rayu a cikinsa ba? Na farko, ladabi. Mazan da baƙar kwat da ɗan ƙulli a wuya, matan da dogayen riguna. Da farkon shiri kowa shi zai gabatar da na kusa da shi da yabo. A ƙarshe su yi wa juna sai da safe ɗaya bayan ɗaya, da suna.

24/
Kuma ladabin ba a junansu ya tsaya ba. Ko mai share bututun hayaƙi aka kawo, da sunan girmamawa za a kira shi. In an gama ya bi layi ya gaisa da su hannu da hannu, mazan su miƙe tsaye. Attajirin mai kamfanin littattafai ya miƙe wa lebura, miliyoyin mutane suna kallo, kowane mako.

25/
Na biyu, yadda ake faɗuwa. Mutum zai yi hasashen da ya yi hannun riga da gaskiya, a yi dariya, shi ma ya yi, a wuce. Ku kwatanta da nan inda muke. Ka yi kuskuren harafi ɗaya, an ɗauki hoton rubutunka, kwana uku ana yawo da kai, har a tono abin da ka rubuta kana aji uku na sakandare.

26/
Na uku, suna sauraro. Wasan ba ya yiwuwa in ba ka ji tambayar na kusa da kai da amsar da aka ba shi ba. A'ar da ta kayar da Cerf ita ce tsanin da Dorothy za ta taka. Mu kuwa sai mu cika Space mu ɗari biyu, awa uku, kowa jira yake a ba shi makirfo ya faɗi abin da ya zo da shi daga gida.

27/
Akwai fitowa biyu da ba na iya kalla ina cin abinci. Fred Allen, ɗan barkwancin da ya gaji kujerar Steve Allen, ya faɗi ya mutu a titi daren Asabar 17 ga Maris 1956. Washegari Lahadi aka yi shirin. Kana ganinsu suna wasan, amma idanun sun kumbura.

28/
Ta biyu ta Dorothy ce. Ta yi shiri daren 7 ga Nuwamba 1965, lafiya ƙalau, tana tambayoyinta. Washegari aka tsinci gawarta a gidanta, tana da shekara 52. Ka kalli na ranar 7, ka kalli na mako mai zuwa da wata a kujerarta. Kai ka san abin da zai faru, ita ba ta sani ba. Wannan karon sanin amsa ba daɗi.

29/
Kada wani ya zo min da "ɗan Arewa ya ga Turawa ya rikice". Amurkar lokacin ba aljanna ba ce. A jihohin kudu baƙar fata ba ya shiga gidan abinci ɗaya da fari, sai 1964 dokar 'yancin jama'a ta haramta hakan. Kujerun dindindin na teburin nan duk farare ne. Kyakkyawar mace ta shigo, zaure ya ɗauki fito. Duk yana nan a faifan, ba a goge ba.

30/
A shekarun farko ma akwai wata al'ada mai ban haushi: baƙo zai bi ta gabansu su duba tafin hannunsa, su taɓa damtsensa, su leƙa tambarin kwat ɗinsa, sannan kowa ya yi hasashe kyauta. Kamar ana taya rago. Daga baya aka soke ta. Dama kuma da wuya hasashen ya faɗa daidai.

31/
Wannan rashin faɗawa daidai ɗin shi ne zuciyar shirin. Siririyar mace mai safar hannu ta shigo, a ɗauka malamar makaranta ce, ashe da bijimai take karawa a fili. Shekara 17 ana nuna wa mutane, mako bayan mako, cewa ido ba mudu ba ne, kuma a nan ko kimar ma bai sani ba.

32/
Yanzu bari in faɗi ainihin abin da ya sa shirin ya kama ni. Babana wankin hula yake yi. Ita ce sana'arsa tun kafin ya yi aure. Da ita aka yi min suna, da ita aka sai min fom ɗin JAMB, da ita ake biyan rajistata kowace shekara, har da wannan ƙarin da ya kori wasu abokanmu gida.

33/
Wanda bai sani ba ya ɗauka tsoma hula ne a ruwa. A jiƙa ta, a bi ta da sabulu da buroshi ba tare da an tayar da zare ba, a ɗauraye, a sa sitaci daidai, a ɗora ta a gungumen da ya yi daidai da kan mai ita ta bushe a kai, a buga, a goge. Gungume ya fi kai girma, ka ɓata hular mutum. Sitaci ya yi yawa, ta zama kwano.

34/
Zanna da damanga da tangaran ba hannu ɗaya ake yi musu ba. Akwai wadda rininta yake zuba, dole a ware ta. Satin Sallah huluna sukan taru har ba wurin taka ƙafa, kuma Baba bai taɓa ba wani hular wani ba. Ya kalli kanka sau ɗaya ya san gungumenka. Ni ban san wani abu da ake kira ƙwarewa ba in ba wannan ba.

35/
Ina aji ɗaya wani ɗan kwas ɗinmu ya tambaye ni a gaban mutane, babanka me yake yi? Na ce wankin hula. Ya yi dariya ya ce, "Au, dama sana'a ce?" A lokacin akwai zanna a kansa, ta sha sitaci, ta tsaya cak. Na ce masa, wannan ta kanka aljanu ne suka wanke? Aka yi dariya aka watse. Amma maganar ta kwana da ni.

36/
Abin da ya fi ba ni mamaki, ba haka muka gada ba. Mu ne masu Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Aska. A cikin birnin Kano akwai unguwannin da sunansu ma na sana'a ne: Dukawa, Takalmawa, Soron Ɗinki. Ka wuce mai aiki ba ka ce sannu da aiki ba, a ce ba ka da tarbiyya. Yaushe muka koma in ba ofis da kujera mai juyawa ba, ba aiki ba ne?

37/
Ban ce da can duk sana'o'i daraja ɗaya ake ba su ba. Kowa ya san akwai gidajen da har yau in ka je neman aure sai an bincika ko kakanka mahauci ne ko wanzami. Tsohon ciwo ne. Boko dai ta zo ta ƙara masa gishiri: yanzu har ɗan mai sana'ar ma so ake ya ji nauyin faɗa.

38/
Wata rana da dare na nuna wa Baba shirin a waya, ina fassara masa. Ya kalli baƙo biyu shiru. Can ya ce, "Wato a can biyan mutum ake don an kasa gane aikinsa?" Na ce eh, Baba. Ya ce, "To ni da na je ai da na kwashe musu kuɗin kaf." Umma daga ɗaki ta ce a fara kawo na cefane tukuna.

39/
Sai muka gwada, ni ne Dorothy.
Aiki kake yi wa mutane? Eh.
Mata suna kawo nasu? A'a.
Kana taɓa jikin mutum? A'a.
Abin ana sa shi a jiki? Eh.
Ƙasa da wuya? A'a.
Ya fi akwatin burodi girma? Ya ce wane irin akwatin burodi kuma, burodi ai a leda yake.

40/
Da aka koma makaranta na kai wasan hostel. Daren da ba wuta, fitilar waya ɗaya a tsakiya, mutum huɗu a kan katifa, ɗaya a kan bokiti kife. Murafen kwalba goma su ne katunanmu, kowace a'a naira 50, karo-karo. Sharaɗi ɗaya: sana'ar wanda yake ɗaukar nauyinka za ka kawo.

41/
Daren farko wasan bai yi armashi ba. Kowa "ɗan kasuwa", kowa "ma'aikacin gwamnati". Sai muka hana waɗannan amsoshin biyu. Kasuwar me? Aikin me a gwamnatin? Nan fa aka fara soshe-soshen ƙeya. Mutanen da muka shekara biyu muna cin garau-garau a kwano ɗaya, ashe ba wanda ya san abin da ke ciyar da ɗan'uwansa.

42/
Da aka saki jiki kuwa sai ga abubuwa. Mai awon hatsi a Dawanau. Mai haƙar rijiya. Mai gyaran injin markaɗe. Maɗori. Ungozoma. Direban motar asibiti. Mai gadin makarantar firamare. Kuma duk wanda aka gama da shi sai an tsare shi da tambayoyi na gaske: ya ake sanin inda ruwa yake kafin a fara haƙa? Sai ka ga mutum ya gyara zama yana bayani kamar farfesa.

43/
Akwai wani abokinmu, ɗan gayu na ƙarshe, kullum takalmi fes. Ya ƙi hawa bokitin har sati uku. Ran da ya hau ya cinye murafen goma, ba wanda ya ko kusa. Muka ce to faɗa mana. Ya yi shiru, sannan ya ce mahaifiyarsa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, tun rasuwar babansu, su shida.

44/
Dokar wasan ita ce wanda ya ci a miƙe a gaisa da shi, kamar yadda ake yi a shirin. Muka miƙe mu huɗu a duhu muka ba shi hannu. Ba wanda ya yi wani jawabi. Bayan hutu ya dawo da leda guda ta ƙuli ya ajiye a tsakar ɗaki, ya ce in ji Hajiya. Da, cewa yake a tasha ya saya.

45/
Wani abu kuma da ke ci min rai: ta yaya ni a nan nake kallon abin da aka yi kai tsaye a 1955? Lokacin ba faifan bidiyo, kyamarar fim ake kafawa a gaban akwatin talbijin ta ɗauka. Da farko ma narkar da finafinan ake yi don a ciri azurfar jikinsu. A 1952 masu shirin, Mark Goodson da Bill Todman, suka ce za su riƙa biya a ajiye musu kowace fitowa.

46/
Shawarar mutum biyu ke nan, ga shi bayan shekara 70 tana amfanar ɗan mai wankin hula. Mu kuma fa? Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, Samanja, a 2023. Iyayenmu suna ba mu labarin yadda unguwa take taruwa a gidan mai talbijin saboda su. Je ka nemi cikakkun shirye-shiryen nan a intanet ka ga wahala. Gutsure-gutsure za ka tarar.

47/
In akwai tsofaffin kaset na bidiyo a gidanku, a ƙarƙashin gado ko a sito, don Allah kada a zubar. A nemi mai juya su zuwa kwamfuta tun zafi da ƙura ba su gama da su ba. Wata rana wani yaro da ba a haifa ba tukuna zai yi kewar abin da ke ciki.

48/
Fitowar ƙarshe, 3 ga Satumba 1967, ɓoyayyen baƙon John Daly ne da kansa. Dama shi ne aka tanada shekara da shekaru ko da wani baƙo zai ƙi zuwa, ba a taɓa buƙata ba sai ranar suka ce bari a yi. Yana amsawa da siririyar murya a matsayin baƙo, yana komawa tasa a matsayin mai gabatarwa. Suka yi sai da safe, aka kashe fitila.

49/
Masu tashoshin Hausa da masu YouTube, ga shawara kyauta. Teburi ɗaya, kujera shida, allo, alli, kati goma. Ku kawo mana mai rini daga Ƙofar Mata, masunci daga Argungu, macen da ke gyaran waya, makiyayin da ya haddace Alƙur'ani. Ku zaunar da manyan da muke ji da su su yi ta lalube, in an gama su miƙe su gaisa da shi. Ni zan kalla, Baba ma zai kalla.

50/
Kafin nan mu yi namu a nan. Ka ajiye alama uku a ƙasa game da sana'ar wanda ya ɗauki nauyinka, kada ka faɗi sunanta. Mu kuma mu tambaya, ka amsa da eh ko a'a. Banda "ɗan kasuwa", banda "ma'aikaci". A'a goma ka ci, kyautarka addu'a ce don ni ma ɗalibi ne. Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, waɗanda suka rigaye mu Ya jiƙansu. Wa zai fara?